Motar Da Ta Ƙi Tashi

Kai mai karatu, in kana zaune a Birnin Kebbi ko Argungu, ka san tsofaffin manyan motoci su ke ɗauke da arzikin ƙasar nan. Su ke gangarawa fadamun gulbin Rima su kwaso shinkafa shanshera, su kai ta ma'aikatar Labana a Birnin Kebbi, ko ta WACOT wadda aka buɗe a Argungu cikin 2017. Su ke ɗaukar albasar Aleiro da kifin Yawuri su nufi kudu da su. Da yawa daga cikinsu Mercedes ne masu gajeren hanci, irin waɗanda Jamus ta fara ƙerawa cikin 1959, mu kuwa mu ke kira 911. Waɗansu daga waje aka kawo su. Waɗansu a nan gida aka harhaɗa su, gama an buɗe ma'aikatar ANAMMCO a Inugu cikin 1980. Akwai motar da ta girmi direbanta, tana kuwa aiki har yau.

To, tsohuwar mota ba ta rasa ciwo. Ciwon da ya fi ɓata wa direba rai shi ne na asuba. An gama lodi tun daren jiya, mai kaya yana tsaye, direba ya hau ya murɗa makulli, mota ta ƙi tashi. Nan da nan sai ka ji wani ya ce, "Kik ya mutu." A kwance shi, a aika Sakkwato ko Kano a sayo wani, a ɗaura, kwana biyu sun tafi, kuɗi sun tafi, mota kuwa tana nan yadda ta ke. Abin da wannan darasi ya ke so ya koya maka shi ne kada ka yanke wa wannan ƙarfe hukunci sai ka bincika. Sau da yawa laifin ba nasa ba ne.

Aikin sitata

Sunanta sitata, makanikai kuwa sun fi ce mata kik. Ga dalilin da ya sa aka yi ta. Inji ba ya iya ta da kansa. Sai an juya shi tukuna, sa'an nan ya kama. A zamanin da, da hannu a ke yi wa mota wani, a zura ƙarfe ta gaba a murɗa. Aiki ne mai wuya, da haɗari kuma, domin in inji ya yi tutsu ya komo da baya ya kan karya wa mutum hannu. Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi ya shirya sitata mai aiki da lantarki, aka fara sa ta a motar Cadillac cikin 1912. Ba a daɗe ba wani kuma, Vincent Bendix, ya ƙago ɗan ƙarfe mai haƙora wanda ke fita ya kama inji, ya koma da kansa in inji ya tashi. Shi ya sa har yanzu makanikai ke ce wa wannan ɗan ƙarfe bendis, ko da ya ke yawancinsu ba su san sunan mutum ba ne.

Injin gas ya fi na fetur wuyar juyawa. Ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi. Iska ya ke matsewa a cikin silinda, har ta koma kamar kashi 1 cikin 17 na girmanta, ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mata gas ya kama da kansa. In an juya shi a hankali zafin ya kan tsere, gas ba ya kamawa. Saboda haka ba juyawa kaɗai a ke bukata ba, sai da sauri.

Sitata ɗan inji ne na lantarki, a ɗaure can ƙasa inda inji ya haɗu da akwatin giya. A wurin akwai wani babban faifan ƙarfe mai haƙora fiye da 100 kewaye da bakinsa, shi ne filawil. Bendis kuwa haƙoransa ba su wuce 9 zuwa 13 ba. A bayan sitata akwai wani ɗan gwangwani a goye, sunansa salanoyid. In ka murɗa makulli, wuta kaɗan ta kan tafi wurinsa ta siririyar waya. Shi kuwa sai ya yi aiki biyu. Ya tura bendis ya shiga haƙoran filawil, ya kuma haɗa waɗansu kawunan tagulla biyu domin babbar wuta ta wuce daga batir zuwa cikin sitata. Ƙarar nan "ƙas" da ka ke ji, tasa ce.

Hanyar wuta

Ka tuna da mai noman rani a fadama. Yana da famfo, yana da tiyo, yana da rijiya. In ruwa bai kai gona ba, ba ya fara zagin famfo. Ya kan leƙa rijiya ya ga ko ta ja baya, ya bi tiyo ya ga ko ya toshe ko ya lanƙwashe. Haka wutar mota ta ke. Batir shi ne rijiya, manyan wayoyi su ne tiyo. Abu ɗaya ne ya bambanta: wuta ba ta tafiya sai tana da hanyar komowa. Ta kan fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta shiga sitata, ta bi jikin inji da shasi, ta komo ta ɗaya kan. Ko'ina aka sami tsatsa, ko sako-sako, a hanyar tafiya ko ta komowa, sitata ta raunana.

Ƙarfin turin wuta ana auna shi da bolt, yawanta kuwa da amfiya. Ƙananan motoci bolt 12 su ke aiki da shi. Manyan motocin gas da yawa 24 ne, watau batir biyu a haɗe bi da bi. Fitilar gaba amfiya kaɗan ta ke sha. Sitata kuwa ɗaruruwa ta ke zuƙa a lokaci guda. Don haka kan batir mai datti ya kan bar wutar fitila da ta oda su wuce lafiya, amma ya hana sitata. Kada ka ce, "Ai fitila tana kamawa, batir lafiya ya ke." Wannan magana ta sa mutane da yawa sun yi hasara.

Ƙasarmu kuwa ba ta tausayin batir. Zafin bazara, cikin Maris da Afrilu, ya kan busar da ruwansa ya ci shi daga ciki. Bai cika nuna gajiyarsa a lokacin ba. Sai hunturu ya zo, baƙin mai ya yi kauri da sanyin asuba, inji ya yi nauyi, sa'an nan asirinsa ya tonu. Damina kuma tana da nata, gama laka da ruwan fadama su ke cin wayar da ke haɗa inji da shasi.

Kafin ka taɓa kome

Wannan sashe ka karanta shi sau biyu. Ka fitar da giya ka sa ta a firi, ka girgiza sandar ka tabbata. Ka ja birkin hannu. Ka sa yaron mota ya danna waigi gaba da bayan taya. Direbobi sun saba barin mota a giya in sun tsaya, domin kada ta gangara. In mutum ya manta da haka, ya kwanta a ƙarƙashi ya haɗa wuta da sukundireba, motar za ta yi tsalle ta bi ta kansa. Ba ta san mai ita ba.

Ka tuɓe agogo da zobe. Ka ɗaure babbar riga ko ka cire ta. Kada a sha taba kusa da batir, kada kuma a haska shi da ashana, domin yana fitar da wata iska mai kama wuta, ta kan fasa shi ruwan ya watsu a ido. In ruwan batir ya taɓa ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa, sa'an nan a tafi asibiti.

Ka saurara

Yanzu ka kunna fitilun gaba, ka sa wani ya tsaya yana dubansu, kai kuwa ka murɗa makulli ka kasa kunne. Mota ta kan faɗi ciwonta ga wanda ya iya ji.

In ba ka ji kome ba, fitila kuwa ba ta rage haske ko kaɗan ba, to, saƙo ne bai kai ga salanoyid ba. Ka nemi laifin a makulli, ko a siririyar waya, ko a cikin salanoyid kansa. A sitata irin ta Jamus ana buga lamba a jikin kawunan wayoyi. Lamba 30 ita ce ta babbar waya daga batir, lamba 50 ita ce ta siririya daga makulli. Ka sa fitilar gwaji a kan 50, wani ya murɗa. In ba ta kama ba, sitata ba ta da laifi, ba a kira ta ba ne.

In ka ji ƙara a jere, ƙas-ƙas-ƙas, fitila tana dushewa tana komowa, wuta ce ta gaza. Ta ishi salanoyid ya ja, amma da zarar sitata ta fara sha sai ta ƙare, ya saki, ya sake ja. Wannan kusan kullum batir ne ko kawunansa. Haka kuma in inji yana juyawa da ƙyar kamar raƙumi mai gurnani. Ka riƙe makulli sakan kaɗan, ka saki, ka bi kawunan wayoyi da hannunka ɗaya ɗaya, a hankali. Wanda ka ji ya yi ɗumi fiye da 'yan'uwansa, nan wuta ke shaƙewa. Ka kwance shi, ka wanke farin garin nan da ruwan zafi, ka kankare har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tam. Kada ka buga ƙusa tsakanin kan batir da bakin waya wai don ya kama, kamar yadda a ke yi a tasha. Dabara ce ta yini ɗaya, ɓarnarta kuwa ta daɗe.

In ka ji "ƙas" sau ɗaya tak, mai ƙarfi, sa'an nan shiru, fitila tana nan da haskenta, to, yanzu zargi ya fara matsowa kusa da sitata. Ko dai kawunan tagullar da ke cikin salanoyid sun ƙone, ko kuwa gawayin da ke cikin sitata, waɗanda a ke kira buroshi, sun cinye. A nan ne dabarar guduma ke aiki. Wani ya riƙe makulli, kai ka ƙwanƙwasa jikin sitata a hankali da ƙotar guduma. In ta tashi, ka gane buroshi ne. Amma fa ba ka warkar da ita ba, rance ka ci. Ka kai kayan mutane, ka wuce gareji. Ka sani kuma waɗansu ƙananan sitatoci na zamani maganaɗisu ne a cikinsu mai fashewa kamar tangaran, duka ɗaya ya kan gama da su.

In kuwa "ƙas" ɗin nan ya zo, fitila ta mutu ɗungum, batir kuma ka tabbata cike ya ke, ka dakata. Wani abu ne ya riƙe. Yana yiwuwa sitata ce ta cije, yana yiwuwa kuma inji ne kansa. Wannan ya shafe ku ƙwarai, ku masu shiga fadama. A shekarar da gulbi ya yi ambaliya, kamar 2020, motoci su kan ratsa ruwa mai zurfi, ko su kwana a ciki. In ruwa ya bi ta hanyar iska ya shiga silinda, fistan ba ya iya matse shi, gama ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Wanda ya nace da makulli, ko ya sa aka ja motar da wata domin ta tashi dole, sandar fistan zai lanƙwasa, gyaran sitata ya zama gyaran inji. Ka sa babban sifana a notin da ke gaban inji ka gwada juya shi da hannu. In ya zagaya sau biyu, da nauyi amma ba tsayawa, inji lafiya. In ya tafi kaɗan ya toge, ka ajiye makulli ka kira makaniki ya cire nozul ya fitar da ruwan.

Sauran ƙara biyu ba su da wuyar ganewa. In sitata tana gudu, wuuu, inji kuwa bai motsa ba, bendis ne ya daina riƙo, ko bai kai ga filawil ba. In ka ji kamar ana niƙa tsakuwa, haƙora ne ke cin juna. Ka lura in abin yana zuwa yau ya ƙi zuwa gobe. Inji mai silinda 6 ya kan tsaya a ɗaya daga wurare 3, mai silinda 4 a ɗaya daga wurare 2. Saboda haka haƙoran filawil a waɗannan wurare kaɗai su ke cinyewa. Sabuwar sitata ba ta maganin wannan, ita ma haƙoranta za su tafi.

Ko wane gwaji ka ke yi, kada ka riƙe makulli fiye da sakan 15. Ka bar ta ta huta minti 2. Ba a yi ta domin dogon aiki ba. Sitatoci da yawa ba tsufa ya kashe su ba. Iska ce ta shiga hanyar gas, inji ya ƙi kamawa, direba ya yi ta murɗa har dalmar cikinta ta narke.

In kana da mita

Mitar auna wuta ba ta da tsada in an gwada ta da kuɗin sitata, wanda ya iya karanta lamba kuwa ya iya aiki da ita. Batir mai cike, wanda ya huta, ya kan nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. Ka auna ko wane ɗaya dabam, domin a cikin biyu ɗaya ya kan mutu ya ja ɗan'uwansa. Sa'an nan ka auna lokacin da a ke murɗa makulli. In ya faɗi ƙasa da 9.6, batir ɗin ya gaji.

Ga gwajin da ya fi duka, makanikai kaɗan ne kuwa ke yinsa. Ka sa tsinken mita ɗaya a kan batir, ɗaya a kan lamba 30, a murɗa. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya. Ka sake yi tsakanin jikin sitata da ɗaya kan batir. Ka haɗa lissafin biyu. A mota mai bolt 12 bai kamata ya wuce rabin bolt ba, a mai 24 kuwa kada ya wuce bolt 1. In ya wuce, waya za ka sake. In batir ya riƙe ƙarfinsa, wuta ta kai ga 30 da 50 sosai, inji yana juyuwa da hannu, sitata kuwa ta ƙi aiki, to, sai yanzu ta tabbata mai laifi.

Kwancewa

Da fari ka cire wayar batir wadda ke tafiya jikin shasi. A yawancin motoci ita ce mai alamar ɗebewa. Amma waɗansu tsofaffin motocin Ingila mai alamar tarawa ce ke zuwa shasi, don haka ka bi wayar da idonka. Dalili kuwa shi ne, in ka fara da ɗayar, sifana ya taɓa ƙarfen mota, zai yi ja kamar a maƙera kafin ka iya sakinsa.

Ka shiga ƙarƙashi. Kafin ka kwance wayoyin salanoyid ka ɗaura wa ko wace tsumma mai launi dabam, ko ka zana su a takarda. Notocin da ke riƙe da sitata biyu ne ko uku. Ka sassauta su duka, ka bar na sama ya zama na ƙarshe. Tana da nauyi fiye da yadda ka ke zato, kada ka sa fuskarka a ƙarƙashinta. In akwai wani siririn ƙarfe tsakaninta da inji, ka adana shi, da shi za a mayar.

Da ta fito, ka haska ramin da tocila, wani ya riƙa juya inji da sifana, ka duba haƙoran filawil har su zagayo. In ka ga baƙin mai ya jiƙe wurin, akwai yoyo, shi ma yana kashe sitata.

Gyara ko saye

Kada ka yi gaggawar yar da ita. Sitatar tsohuwar mota an yi ta ne domin a buɗe a gyara. Mai gyaran wayar mota, wanda a ke kira riwaya, zai sake buroshi in sun cinye rabi, ya goge tagullar da su ke gogawa a kai, ya sake bushin da ke riƙe da sandar tsakiya. In bushin ya cinye, sandar ta kan karkace ta riƙa gugar bango, shi ke sa sitata ta ja wuta da yawa ta yi aiki kaɗan. Ka tsaya a kansa yana yi. Kada ka yarda a jiƙa bendis cikin fetur ko kananzir, domin akwai giris a rufe a cikinsa, in ya wanke ba hanyar mayarwa. Amma in an buɗe ka ji ƙaurin ƙuna, wayoyin ciki sun yi baƙi, dalma ta watsu, gara ka nemi wata.

In za ka saya, sabuwa ce ko ta hannu irin wadda a ke cewa Baljiyam, ka tafi da tsohuwar, ko da Ƙofar Ruwa za ka je a Kano. Ka aje su gefe da gefe. Ka karanta abin da aka buga a jiki, 12 ne ko 24. Ka ƙidaya haƙoran bendis da yatsa. Ka duba ramukan noti, da tsawon hanci, da gefen da ta ke juyawa, gama a kan zana kibiya a jikin waɗansu. Mai kaya zai sa mata wuta a ƙasa, ta yi tsalle ta yi kuka, ya ce ka gani. Wannan ya nuna tana da rai, bai nuna tana da ƙarfi ba, domin ko mai ciwo ta kan yi gudu in ba kaya a kanta. Ku yi sharaɗi a gaban shaida cewa in ta kasa juya inji za ka mayar, ka karɓi rasit.

Mayarwa

Ka kankare fuskar da za ta zauna a kai har ta yi fes, ba fenti ba tsatsa, domin ta nan wuta ke komawa. Ka ɗaga ta, ka sa notoci duka da hannu tukuna, ka tabbata ta zauna daidai, sa'an nan ka ɗaure su kaɗan kaɗan bi da bi. Ka mayar da wayoyi. Notin tagulla na lamba 30 kada ka yi masa ƙarfin tuwo, murfin salanoyid ya kan tsage. Ka duba kada babbar waya ta taɓa bututun hayaƙi ko ta gogi shasi. Wayar batir ta shasi ita ce ta ƙarshe.

Ka sake tabbatar da giya da waigi, ka murɗa. Da inji ya kama ka saki makulli, ka saurara. In kukan sitata bai tsaya ba, ka kashe inji nan take, in ta ci gaba ka fizge wayar batir, domin bendis ne ya maƙale ko salanoyid ya manne. In ta yi shiru, ka bar inji yana aiki ka sa mita a kan batir biyun. Ya kamata ka ga kamar bolt 28, a mota mai batir ɗaya kuwa kamar 14. In lambar ba ta tashi daga inda ta ke kafin ka kunna ba, mota ba ta caji, ka sa riwaya ya duba bel da na'urar caji tun ba ka bar gari ba.